Gadon mahaifiyata da wadirob ɗin aurena: zan iya gyara su da hannuna?

Maman Tagwaye, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san katako da fenti, domin na ƙuduri niyyar gyara ɗakin kwanana kafin bikin ƙanwata a watan Disamba, kuma kuɗin da ke hannuna ba zai kai ga sabon saiti ba ko da na haɗa da abin da dillaliya ta taya tsofaffin. Kayan iri biyu ne. Akwai wadirob mai ƙofa huɗu da madubi da durowar gefen gado, waɗanda aka yi mini jere da su a 2014. Ledar jikinsu ta fara ɗagowa, ƙasan wadirob ɗin ya kumbura tun wata damina da ruwa ya shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa, kuma ƙofarsa ɗaya ta saki saboda sukurorin hinjinta sun daina kamawa. Sannan akwai gadon mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, wanda ya dawo hannuna bayan rasuwarta. An yi mata shi tun kafin a haife ni, maza biyu da ƙyar suke ɗaga fuskarsa, ya yi baƙi saboda shekaru, kuma tun muna yara wani ya taɓa shafe ƙafafunsa da gefunansa da fentin mai ruwan ƙasa wanda yanzu yake ɓamɓarewa.

Burina shi ne in mayar da su duka farare, su zama kamar saiti ɗaya, in kuma yi aikin da kaina a tsakar gida idan yara sun tafi makaranta. Ban taɓa riƙe buroshin fenti ba. Da me zan fara, kuma wane irin fenti zan saya?

Hajiya Babba, Katsina

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya gafarta wa mahaifiyarki, ya sa aljanna ce makomarta. Ni ban ga laifin gyara ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma ina roƙonki kada ki fara koyon sana'a a jikin abin da ba ki da irinsa biyu. Wadirob idan ya lalace a hannunki, gobe Allah zai hore miki wani. Gadon da mahaifiyarki ta kwanta a kai ta raine ku kuwa babu kasuwar da za ki je ki samo madadinsa. Ki kira kafinta wanda ya san aikinsa ya duba shi, ke kuma ki sa ƙarfinki a kan labule da zanin gado da launin bango, waɗanda su ne ido yake fara gani idan an shigo ɗaki.

Amaryar Bara, Kaduna

Yaya, ni na yi irin wannan aikin, kuma ina so ki ji yadda ta kaya mini kafin ki kashe kuɗinki. Na sayi farin fentin mai na shafa kai tsaye a kan durowata mai leda, ban wanke ba, ban goge da samfefa ba. Kwana uku ta yi kyau ƙwarai. Bayan mako biyu sai na ga ko farce na sa fentin yana tashi kamar ɓawon dafaffen ƙwai, kuma a saman durowar, inda nake ajiye mayukan shafawa, tun ranar farko fentin ya ƙi kwanciya, ya riƙa tsagewa yana barin ƙananan ramuka. Duk da haka ina goyon bayan farin launi, domin ɗakunanmu na haya ƙanana ne, tagarsu ɗaya, kuma baƙin gado yana cinye hasken ɗaki. Ina ganin idan aka bi hanyar da ta dace, babu dalilin da zai hana ki samu abin da kike so.

Malam Kafinta, Zariya

Assalamu alaikum. Na haura shekara talatin a wannan sana'a, kuma abin da zan fara faɗa wa 'yar'uwa shi ne ta ajiye maganar fenti tukuna, domin kayan da ta lissafa ba jinsi ɗaya ba ne, kuma abin da zai gyara ɗaya zai iya kashe ɗayan.

Wadirob ɗin, bisa yadda kika kwatanta kumburinsa, MDF ne. Shi MDF garin katako ne da aka kwaɓa da gam aka matse shi ya zama allo, sannan aka liƙa masa leda mai zanen katako. Ki leƙa ramin sukurun da ya saki, za ki ga cikinsa kamar dunƙulen gari, babu jijiya ko ɗaya. Idan ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, ko shekara ya yi a rana, saboda haka wurin da ya kumbura yanke shi ake yi a sa katako na gaske, kuma ya fi kyau a ɗora wadirob ɗin a kan ƙafafu masu tsayin kamar santimita 10 don ruwan goge ɗaki ya daina taɓa shi. Wannan yankan ki bar wa kafinta, aikin sa'a ɗaya ne da zarto. Ramin sukuru kuwa, a katako na gaske tsinken ashana da farin gam suna cike shi, amma a MDF ya fi inganci a faɗaɗa ramin a cusa ɗan turken katako da gam, ko a matsar da hinjin zuwa lafiyayyen wuri.

Gadon shi ne nake so ki bincika mini. Ki ɗaga katifa, ki sami wani wuri ta ciki inda ido ba ya kaiwa, ki kankare kamar faɗin farcen babban yatsa da wuƙa har ki kai ga tsurar katako, sannan ki ɗiga masa ruwa ki faɗa mana launin da kika gani. Ki kuma jiƙa auduga da sifirit ki danna a fuskar gadon na ɗan lokaci. Idan wurin ya yi danƙo, abin da aka shafa masa shelak ne, wato wani ƙaro da ake narkarwa a sifirit a shafa wa katako don ya yi sheƙi, kuma sifirit kaɗai zai wanke shi. Idan sifirit bai taɓa shi ba amma tina ta narkar da shi, folish ɗin fesawa ne. Idan duka biyun sun gaza, banish ne, sai kankara da samfefa.

Maman Tagwaye, Kano

Na gode Malam, Allah ya ƙara basira. Na yi yadda ka ce. Wadirob ɗin garin katako ne kamar yadda ka faɗa. Gadon kuwa da na kankare sai na ga katakon ja ne mai ɗan duhu, da na ɗiga ruwa ya ƙara ja, jijiyoyinsa suka fito suna sheƙi, har na daɗe ina kallonsa domin ban taɓa sanin haka yake a ƙarƙashin baƙin nan ba. Sifirit ya sa fuskar gadon ta yi danƙo, audugar ta fito baƙa wuluk. Amma wurin da aka shafa fentin ruwan ƙasa ko gezau bai yi ba.

Ma'aikacin Gandun Daji, Jalingo

Hajiya, idan katakon ja ne mai nauyi kamar yadda kika kwatanta, mafi kusa shi ne madaci, kuma ina so ki san darajar abin da ke ɗakinki kafin ki rufe shi da fenti. Mu da muke aikin daji mun ga yadda manyan itatuwan katako suka ƙare a gaban idonmu. A nan Taraba an yi shekaru ana saran maɗobiya ana lodinta a manyan motoci zuwa tashar jirgin ruwa, daga can a wuce da ita ƙasar Sin, har ta kai ga taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da aka yi a Johannesburg a 2016 ya sa ta cikin jerin itatuwan da ba a fitar da su ƙetare sai da izini na musamman. A taron da aka yi a Panama a 2022 kuma aka ƙara da madaci da kawo na nahiyar Afirka a wannan jeri. Bishiyar da za ta ba da faffaɗan allo irin na fuskar tsohon gado tana ɗaukar gomman shekaru kafin ta kai haka. Ki zaga 'yan katako na Na'ibawa ki nemi allo guda mai wannan faɗin, busasshe, wanda ba a haɗa shi da gam ba, ki ji abin da za a ce miki. Yawancin abin da ake yin gado da shi yau malaina ce da afara da filawud da MDF, kuma su ne suka dace da fenti domin ba su da wani launi da za a yi asararsa.

Amaryar Bara, Kaduna

Ina girmama bayanin Malam na gandun daji, amma ina ganin an fara mayar da ɗakin kwana gidan tarihi. Mai gadon ita ce za ta kwana a ɗakin, ita ce za ta buɗe ido kowace safiya ta gan shi, kuma ta faɗa mana tun farko cewa fari take so. Fenti ba ya cinye katako, yana ma kare shi, kuma duk ranar da 'ya'yanta suka so ganin jan madacin suna iya kankarewa. Ban ga adalci ba a ce mace ta zauna da launin da ba ta so saboda bishiya ta yi ƙaranci a daji.

Malam Kafinta, Zariya

Ƙanwata, gaskiyarki ce cewa zaɓi na mai kaya ne, kuma idan ta tsaya a kan fari zan koya mata yadda ake yi. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata ta sani. Madaci yana da ƙofofin jijiya a buɗe, farin fenti yana shiga cikinsu ya zauna, saboda haka maganar a kankare daga baya ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato. Sai an ci katakon sosai kafin fararen ɗigon su fita, kuma idan akwai sassaƙa a fuskar gadon to ta tafi ke nan. Sannan jan katako yana amayar da launinsa ta cikin farin fenti, musamman fentin ruwa, ka shafa fari da safe da yamma ka ga ya koma ruwan hoda a wurare. Maganinsa shi ne a fara rufe katakon da shelak shafi biyu kafin andakot, wato fentin ƙasa da ake fara shafawa kafin fenti na sama, wanda hakan kuma zai sauƙaƙa cirewa nan gaba.

Shawarata ita ce a raba aikin. Wadirob da madubi da durowa su zama farare, gado ya koma launinsa na asali. Ba dole ne kayan ɗaki su zama launi ɗaya ba. Jan gado a gaban bango mai haske, da fararen kaya a gefensa, ya fi saitin da aka tilasta masa kama ɗaya kyau a ido.

Ga yadda za ki bi da gadon. Ki kwance shi, ki yi wa kowane gefe alama da fensir ta ciki don kada ki rikice wajen haɗawa. Ki wanke shelak ɗin da sifirit da tsumma, kaɗan-kaɗan, kina canza tsumman. Idan ya bushe ki bi da samfefa lamba 120, sannan 180, ki ƙare da 220, domin yadda lambar take ƙaruwa haka samfefar take ƙara laushi, kuma kullum hannunki ya bi tsawon jijiya, kada ki gitta ta, domin duk ƙarcen da aka yi a gicciye banish zai fito da shi fili. Ki naɗe samfefar a jikin ɗan guntun katako don kada yatsunki su yi kwari a allon. Garin da ya zubo ki tara shi, ki kwaɓa da farin gam ki cike ƙananan ramuka, launinsu zai zo ɗaya. Gaɓar da take motsi ki zare ta, ki kankare tsohon gam, ki sa sabo, ki ɗaure da igiya kina murɗa ta da sanda har ta matse, ki bar ta ta kwana. Fentin ƙafafun kuwa ki ci shi da lamba 80.

Malamar Asibiti, Gusau

Malam, ka yi mini afuwa, amma jumlarka ta ƙarshe ce ta sa na kasa yin shiru. Wannan fentin mai da aka shafa shekaru da yawa da suka wuce yana iya ƙunsar dalma, kuma goge shi da samfefa a bushe yana mayar da shi ƙurar da ake shaƙa, take kuma sauka a ƙasan da yara ke wasa. Mu a Zamfara ba labari aka ba mu ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma ko da yake tushenta a can duwatsun zinariya ne da ake dakawa a cikin gidaje, hanyar da ta bi ta shiga jikin yaran ita ce dai wannan: ƙura a ƙasa, hannu a ƙura, hannu a baki. Ba ina cewa gado ɗaya zai haifar da irin wancan bala'i ba ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma ɗan kaɗan ɗin da ba ya kwantar da yaro yana iya rage masa kaifin fahimta har ƙarshen rayuwarsa ba tare da iyaye sun gane dalili ba. Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje tun 1978, ƙasashe da yawa kuwa sun daɗe bayan haka ana sayar da shi, saboda haka duk tsohon fentin mai da ba a gwada ba a ɗauke shi a matsayin mai dalma.

'Yar'uwa, shekarun tagwayenki nawa, kuma kina da juna biyu ko kina shayarwa? Idan kina da ciki, wannan ɓangaren ba naki ba ne sam. Idan ba ki da shi, ki shimfiɗa babbar leda a waje, ki riƙa fesa ruwa a wurin kina kankarewa yana jiƙe, ki sa takunkumi mai tace ƙura na gaske ba na yadi ba, kada ki ƙona fentin da wuta, kada ki share wurin da tsintsiya. Ki naɗe ledar da duk abin da ya zuba ki ƙulle, ki goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ki wanke tufafin aikin daban, ki yi wanka kafin ki taɓa yara ko abinci.

Malam Kafinta, Zariya

Malama, na karɓi gyara, kuma na gode. Mun saba cin irin wannan fenti a bushe a shago, yaran da muke koya wa aiki suna tsaye a kai, kuma daga yau zan canza. 'Yar'uwa ki bi maganarta, ki manta da lamba 80. Ki nemi ƙarfen kankara mai faɗi, da samfefar ruwa, baƙar nan da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita. Bayan kin gama ki bar katakon ya yi kwana biyu a inuwa ya bushe sarai kafin ki ci gaba.

Maman Tagwaye, Kano

Shekararsu huɗu, kuma ba ni da ciki. Malama, Allah ya saka miki da alheri, domin niyyata da farko a cikin ɗakin ma zan yi gugar. Zan kai su gidan yayata ranar da zan cire fentin. Na kuma yarda da raba aikin kamar yadda Malam ya ce, ba don an rinjaye ni ba, sai don tun da na ga jan katakon nan zuciyata ta kasa yarda in rufe shi. Hajiya Babba, ina neman afuwarki, gadon ma da hannuna nake so in yi. Iyayenmu mata su suke yin daɓen ɗakinsu da makuba, su shafe bango da farar ƙasa, su yi jeren kwanukansu, ba su jira kowa ba, kuma mahaifiyata tana cikinsu.

Hajiya Babba, Katsina

Babu komai 'yata, kin tuna mini da abin da ni ma na yi da hannuna a ƙuruciya. To amma ki fara da durowar gefen gado, wadda ita ce mafi ƙanƙanta, hannunki ya faɗa a kanta, sannan wadirob, gadon ya zo ƙarshe. Kuma tun da za ki kwance shi, ki duba gaɓoɓinsa da kyau saboda kuɗin cizo, ki shanya katakon shimfiɗar da katifa a rana mai zafi. Kada wani ya ba ki shawarar zuba fiya-fiya ko shafa baƙin mai a gadon da za ku kwanta a kai da yara. Baƙin mai na katakon rufi ne, ba na ɗakin kwana ba.

Mai Fenti, Yamai

Salamu alaikum jama'a. Ni aikina fenti ne, kayan aikina kuma a kasuwar Katako ta nan Yamai nake saye, kuma zan yi magana a kan fararen kayan da lokacin aiki, domin a nan ne sababbin hannu suke faɗuwa.

Abin da ya sami ƙanwarmu ta Kaduna dalilinsa maiƙo ne da santsi. Kayan ɗakin matanmu suna shan hayaƙin turaren wuta shekara da shekaru, saman madubi kuma yana shan humra da man shafawa, duk waɗannan suna barin wani danƙo da fenti ba ya kamawa. A goge su da tsumma mai ɗan ruwan sabulu wanda aka matse sosai, a tsane nan take, kada ruwa ya kwanta a bakin allon MDF. Ledar da ta ɗago a hura mata zafi da na'urar busar da gashi a ɓare ta gaba ɗaya, a cire ragowar gam. Wadda ta kama daram a bar ta, a dusashe sheƙinta da lamba 180. Bakin allon da ya tsiraita yana shan fenti kamar soso, sai an rufe shi da sila, wato abin da ake shafawa don katako ya daina shan fenti, ko andakot na mai sau biyu. Bayan haka shafi uku marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, a bar kowane shafi na fentin mai ya yi awa 24, a ɗan bi shi da lamba 320 kafin na gaba. Ki kuma sani cewa farin fentin mai yana komawa rawaya-rawaya a ɗakin da rana ba ta shiga sosai, saboda haka fenti ruwan madara ya fi fari tas rufin asiri.

Lokacin da kike ciki yanzu shi ne mafi dacewa a shekara. A tsakiyar damina laima tana hana fenti bushewa, tana sa folish ya yi farin hazo. Idan hunturu ya kankama kuma ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar samfefa. Daga ɗaukewar ruwa zuwa tsakiyar Nuwamba ki gama shafe-shafenki, da safe, a inuwa, ki yayyafa ruwa a ƙasa, ki rataya tsohon gidan sauro a kan kayan bayan kowane shafi. Kuma ƙofar katako da take cijewa a watan Agusta kada a yi gaggawar fere ta, da kanta za ta saki idan iska ta bushe.

Abu na ƙarshe shi ne wuta, kuma ina roƙo a ɗauke shi da muhimmanci. Tururin tina da sifirit ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da murhu ko risho ko janareta. Na san al'adarmu ce idan ɗaki yana wari a kawo kasko a sa turare, to a kan warin fenti kada a yi haka, a buɗe taga da ƙofa kawai. Tsumman da ya sha banish ko man katako kada a dunƙule shi a jefa a kwandon shara, yana iya yin zafi ya kama da wuta da kansa. A baza shi ya bushe ko a tsoma shi a ruwa. Maganin cire fenti na gwangwani kuma da yawansa yana ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda Amurka ta hana sayar wa masu aikin gida tun 2019 saboda mutanen da ya kashe a rufaffun ɗakuna, don haka kankara da ruwa ta fi miki. Fentin da ya taɓa hannu man gyaɗa da sabulu suna fitar da shi, ba sai an sa fetur ba.

Malamar Asibiti, Gusau

Ƙari ɗaya a kan maganar ɗora wadirob a kan ƙafafu. Yara masu shekara huɗu suna jan durowa su taka ta kamar tsani, kuma dogon wadirob mai nauyin ƙofofi ta gaba yana iya rinjayowa ya danne su. Idan kafinta ya zo yankan ƙasan, ya ɗaure samansa da bango da ƙarfe mai kusurwa guda biyu. Kuma kada a kwana a ɗakin sai warin ya fita gaba ɗaya.

Maman Tagwaye, Kano

Assalamu alaikum. Na dawo bayan mako bakwai don in ba ku labari, tun da ku kuka ɗora ni a hanya. Na fara da durowa kamar yadda Hajiya ta ce, kuma da gaskiyarta, domin shafin farko ya yi kauri ya zubo kamar hawaye, sai da na jira ya bushe na goge na sake. Kafinta ya yanke ƙasan wadirob ya sa masa ƙafafu ya ɗaure shi da bango. Na shafe shi da madubin da fenti ruwan madara, na canza musu hannaye, na sa aka yanko gilashi daidai saman madubin don kwalaben turare su daina taɓa fentin. Bangon na yi masa fentin ruwa mai haske kafin a mayar da kaya, labule kuma yadi na yanko a Kantin Kwari na ɗinka da kaina.

Gadon ya ɗauke ni kwana goma sha ɗaya. Cire fentin ƙafafun shi ne mafi wahala, kafaɗuna sun yi ciwo ƙwarai, amma da na shafa banish na farko wanda na sirka da ɗan tina, jan ya taso, yayata da ke tsaye ta fashe da kuka ta ce haka yake lokacin da take ƙarama. A gefen dama na fuskar gadon akwai wani wuri da ya lotsa kaɗan ya yi duhu, daidai inda mahaifiyarmu take dafawa idan za ta tashi sallar asuba. Na wanke shi da sifirit amma ban sa masa samfefa ba, na shafa banish a kansa yadda yake.

Kuskure ɗaya na yi. Na rufe ƙofofin wadirob bayan kwana uku saboda baƙi, biyu suka manne da juna, da na ja sai fentin bakinsu ya ɗaye kamar tsawon yatsa. Malam, yaya zan gyara wurin ba tare da na sake shafe ƙofar duka ba?

Malam Kafinta, Zariya

Madalla 'yar'uwa, Allah ya sa albarka, ya jiƙan mai gadon. Fentin mai yana bushewa a sama cikin kwana ɗaya, amma sai ya yi makonni kafin ya yi tauri har ciki, shi ya sa ƙofofin suka kama juna. Ki bi bakin wurin da ya ɗaye da lamba 320 a hankali har yatsanki ya daina jin tudu tsakanin fenti da allo, ki ɗiga andakot da ƙaramin buroshi, washegari ki bi da ragowar fentinki shafi biyu marasa kauri. Tun da ƙura ta fara sauka, ki yi shi a cikin ɗaki da taga a buɗe da sassafe, yara suna makaranta. Ki bar ƙofofin a buɗe mako biyu, ki sa ɗan guntun kwali a tsakaninsu, sannan kafin ki fara rufewa ki goga kyandir a bakin kowacce.